Kewar katunan yarinta: tambayoyi da amsoshi

Mutane da yawa da suka tara katunan 'yan wasa ko hotunan mannawa a albam suna yara sukan girma su manta da su, har sai ranar da ake kwashe kaya daga wani tsohon akwati, hannu ya faɗa kan ƙunshin katuna da roba ta ci gefensu, sai aikin da ake yi ya tsaya cak. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi zuwa bakin irin waɗannan mutane.

Me ya sa magidanci mai iyali zai riƙa kewar 'yan takardun da ya tara yana ɗan shekara goma?

Domin a mafi yawan lokaci waɗannan takardu su ne dukiyarsa ta farko. Tufafin yaro zaɓin iyayensa ne, littattafansa zaɓin makaranta ne, amma katunan da ke aljihunsa shi ya nemo su, shi ya san wanda ya samu da sa'a da wanda ya samu da wayo, kuma babu babban da ya fi shi sanin darajarsu. A kansu ya fara koyon ciniki, a kansu aka fara cutarsa, wataƙila kuma a kansu ya fara cutar wani. Sunayen ƙasashen da bai taɓa ji a aji ba a jikin kati ya fara karanta su, tare da tutocinsu da launin rigunansu.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura cewa idan aka nemi dattijo ya faɗi abubuwan da ya fi tunawa a rayuwarsa, mafi yawansu sukan fito ne daga tsakanin shekara 10 zuwa 30, lokacin da kusan komai sabo ne kuma mutum yake gano ko shi wane ne. Tara katuna yakan faɗo a bakin wannan zango. Ga shi kuma kati abu ne da ake riƙewa a hannu, yana da ƙamshin tawada da na cingam, yana da lanƙwasar da mai shi ya san ranar da ta faru. Abin da aka taɓa, aka shinshina, ya fi zama a zuciya fiye da abin da aka ji labarinsa kawai.

Ba an ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba? Shin wannan kewa ba alamar damuwa ba ce?

Turawa ma da haka suka fara ɗaukar ta. A shekarar 1688 wani ɗalibin likitanci a Jami'ar Basel, Johannes Hofer, ya haɗa kalmomin Girkanci biyu, ɗaya mai ma'anar komawa gida ɗaya mai ma'anar raɗaɗi, ya samar da kalmar "nostalgia", ya laƙaba wa ciwon da ake gani a jikin mutanen Suwizalan da suka yi nisa da gida, musamman sojojin haya. An shafe ƙarnoni ana lissafa ta cikin cututtuka. Binciken da aka yi a shekarun baya-bayan nan, musamman na Constantine Sedikides da Tim Wildschut a Jami'ar Southampton ta Ingila, ya nuna wata fuska: kaɗaici da ɓacin rai sukan tayar da kewa, amma ita kewar takan rage kaɗaicin, domin kusan duk abin da mutum yake tunawa cike yake da mutane.

Saboda haka karin maganar tana da rabin gaskiya, wato sau da yawa rashin daɗin yau ne yake tura mutum ga akwatin. Abin da ba ta faɗa ba shi ne yakan rufe akwatin da sauƙin zuciya fiye da yadda ya buɗe shi. Abin tsoro kawai shi ne a mayar da akwatin gida, a zauna a ciki.

Daga ina wannan al'amari na katuna ya samo asali?

Daga kwalin taba, abin da kan ba mutane mamaki. A Amurka cikin shekarun 1880 kamfanonin sigari suna saka ɗan kwali mai tauri a cikin fakiti domin kada kara ya karye, sai suka ga babu dalilin barin kwalin fari fat, suka fara buga hotuna a kai: 'yan wasa, tsuntsaye, tutoci, 'yan wasan kwaikwayo. Kamfanin Allen & Ginter na birnin Richmond yana cikin waɗanda suka yi fice a wannan. Manya ke sayen tabar, yara ke bin su suna roƙon katin.

Daga baya masu cingam suka karɓe kasuwar, domin su kai tsaye da yara suke ciniki. Kamfanin Goudey ya fitar da katunan besbol, wasan ƙwallon sanda na Amurka, a 1933, Bowman ya biyo a 1948, sannan Topps ya fitar da jerinsa na 1952 wanda ma'aikacinsa Sy Berger ya tsara, da babban hoto mai launi a gaba da alƙaluman wasan ɗan wasa a baya, tsarin da har yau ake bi. A Turai kuwa hanyar ta bi ta birnin Modena na Italiya, inda 'yan'uwa na gidan Panini, waɗanda sana'arsu ta farko sayar da jaridu ce, suka kafa kamfaninsu a 1961 da albam na 'yan ƙwallon Italiya. A lokacin da gam ake liƙa hotunan, sai a farkon shekarun 1970 aka koma ga masu manne kansu. Albam ɗinsu na farko na Gasar Kofin Duniya shi ne na Meziko a 1970, kuma ta wannan ƙofa ce yaran ƙasashe masu yawa, waɗanda ba su taɓa ganin wasan besbol ba, suka shigo harkar.

Me ya sa cika albam yake da wuya haka? Kamfanin ne yake ɓoye wasu hotuna?

Kusan kowane yaro ya yi rantsuwa cewa akwai hoton da ba a buga shi da yawa ba, kuma a katunan zamani gaskiya ne akwai waɗanda da gangan ake buga su kaɗan, har a rubuta lamba a jikinsu. Amma ko da an buga kowane hoto daidai wa daida, lissafi kaɗai ya isa ya wahalar da mai tarawa, kuma wannan lissafi ya cancanci a tsaya a kansa.

Albam na Kofin Duniya na Rasha a 2018 yana da gurabe 682, kowane fakiti kuma hotuna biyar ne. Ranar farko duk abin da aka buɗe sabo ne. Idan albam ya kai rabi, rabin abin da ake buɗewa maimai ne. Idan saura gurbi ɗaya tak, damar a dace da shi a kowane hoto ɗaya ce cikin 682. Farfesa Paul Harper na sashen lissafi a Jami'ar Cardiff ya yi wannan lissafi a shekarar, ya gano cewa mutumin da ba ya musaya da kowa zai buƙaci, a matsakaici, fakiti 967, wato hotuna sama da 4,800, a kan kuɗi kusan fam 774. Abin da ya fi ɗaure kai a ciki shi ne hotuna 19 na ƙarshe su kaɗai suna cinye rabin wannan adadi. Wato yaron da yake duban albam ɗinsa yana ganin 'yan gurabe ƙalilan suka rage masa, yana cewa ya kusa, a gaskiya rabin tafiya kawai ya yi.

Wannan ne ya sa yawancin albam ɗin da ake tsinta a akwatunan iyaye ba cikakku ba ne. Kuma ga wanda ya lura, mutum ya fi tuna gurbin da ya kasa cikawa, da lambarsa da sunan ɗan wasan, fiye da ɗaruruwan da ya liƙa.

To, ina matsayin musaya a cikin wannan?

Ita ce ruhin abin. Lissafin da aka ambata ya nuna cewa idan mutane goma suka riƙa musaya a tsakaninsu, kuɗin da kowanne zai kashe yakan faɗo zuwa kusan kashi ɗaya bisa uku. Yara ba su san da wannan lissafi ba, amma sun gano amsarsa da kansu. Yaro biyu su haɗa kai, ɗaya yana zare katuna daga ƙunshinsa da babban yatsa cikin sauri, ɗayan yana cewa, "Ina da shi, ina da shi, ina da shi," sai can muryarsa ta ɗan sarƙe, ya yi ƙoƙarin ɓoye zumuɗinsa, domin ya san idan mai ƙunshin ya gane yana matuƙar son wannan katin, farashinsa ya tashi daga ɗaya zuwa biyar. Ban gishiri in ba ka manda ne, amma da dabara da haɗe fuska.

Babu hukumar da ta tsara cewa hoto mai ƙyalli yana daidai da na gama-gari uku, ko cewa mai tsaron gida bai kai ɗan wasan gaba ba. Yaran ne suka kafa kasuwarsu da dokokinta, har da hukuncin wanda ya fasa ciniki bayan an tafa. Idan babba ya ce yana kewar katunansa, sau da yawa wannan da'irar yake nufi, da wanda suka yi faɗa a kan kati ɗaya suka shirya washegari.

An zubar mini da katunana bayan na bar gida. Da an ajiye su, da yanzu na yi arziki?

Da wuya ƙwarai, kuma dalilin yana da ban dariya da ban haushi a lokaci guda. Labaran da ake ji gaskiya ne. Katin ɗan wasan besbol Honus Wagner na jerin da kamfanin taba na Amurka ya fitar tsakanin 1909 da 1911 an dakatar da buga shi da wuri, wasu sun ce domin ba ya son yara su sayi taba saboda hotonsa, wasu sun ce a kan kuɗi aka saɓa, kuma 'yan gomomi ne kawai aka san suna nan. An sayar da ɗaya a kan dala miliyan 7.25 a 2022. A watan Agusta na wannan shekarar katin wani ɗan wasan besbol, Mickey Mantle, na Topps na 1952 ya tashi a gwanjo a kan dala miliyan 12.6, alhali mai shi dala 50,000 ya saye shi a 1991. Katin Pele na 1958, wanda wani kamfanin Suwidin ya buga, ya kai dala miliyan 1.33.

Sai dai a duba abin da ya sa suka yi tsada. Katin Mantle yana cikin kashin ƙarshe na jerin 1952, wanda ya fito a makare bai samu kasuwa ba, kuma Sy Berger da bakinsa ya ba da labarin yadda daga baya aka loda ragowar kwalayen a jirgin ruwa aka juye su a Tekun Atlantika. Waɗanda suka isa hannun yara kuwa an yi wasa da su, an maƙala su a tayar keke domin su riƙa ƙara, an jefa su a bango ana gasa, iyaye mata sun share ragowar. Zubarwar da kowa ya yi ita ce ta ba 'yan ƙalilan da suka tsira daraja.

Da labarin tsadar ya bazu a shekarun 1980, sai kowa ya fara ajiya, kamfanoni kuma suka buɗe injinan bugawa babu ƙaƙƙautawa. Katunan Amurka na tsakanin wajen 1987 da 1994 an buga su da yawan da ya wuce hankali, an kuma adana su tsaf a cikin leda, saboda haka yau mafi yawansu ba su kai kuɗin akwatin da suke ciki ba. Wanda ya yi wasa da nasa har suka yage ya fi wanda ya hana kansa taɓa su cin riba, ko da kuwa babu ɗayansu da ya samu ko sisi.

Mene ne tantance kati da ake yawan ambata?

Kamfanoni ne da ake aika musu kati su duba ko na gaske ne, su auna lafiyarsa, su ba shi maki daga 1 zuwa 10, sannan su rufe shi a cikin roba mai tauri da ba a buɗewa sai an fasa. Mafi shahara shi ne PSA, wanda aka kafa a 1991. Abubuwa huɗu ake dubawa: kusurwoyi, gefuna, fuskar katin, da kuma ko hoton ya zauna a tsakiya daidai. Tazarar farashi tsakanin maki 9 da 10 takan ninka sau da yawa, a kan aibin da ido ba ya gani sai da gilashi. Katin ɗan wasan ƙwallon kwando Michael Jordan na kamfanin Fleer na 1986 mai maki 10 ya kai dala 738,000 a farkon 2021, lokacin da zaman gida na annobar korona ya mayar da mutane ga akwatunansu, kafin farashin ya sauko sosai daga baya.

Tantancewar ma ba ta tsira daga abin kunya ba. Kati na farko da PSA ya ba maki shi ne wani Wagner da ɗan wasan ƙwallon gora na ƙanƙara Wayne Gretzky da abokin kasuwancinsa suka saya a kan dala 451,000 a 1991, kuma a 2013 dillalin da ya taɓa mallakarsa, Bill Mastro, ya amsa a gaban kotu cewa ya datse gefunansa domin ya yi kyan gani. A ra'ayina kati a cikin wannan roba ya zama wani abu dabam. Yana da farashi, amma ba a jin ƙamshinsa, ba a zare shi da yatsa.

Buɗe fakiti ba wani nau'in caca ba ne?

Akwai kamanceceniya da bai kamata a rufe ido a kanta ba. Ana biyan kuɗi a kan abin da ba a gani ba, kuma masanin halayya B. F. Skinner ya nuna tun tuni cewa ladan da ba a san lokacin zuwansa ba ya fi kowane irin lada riƙe mai nema. Bambancin a da shi ne kuɗin yaro kaɗan ne, suna ƙarewa, kuma ko fakitin bai yi daɗi ba maimai ɗin yana da amfani a wurin musaya. Yau da akwai kwalaye masu tsadar gaske da manya ke saye da fatan dacewa da kati guda mai sa hannun ɗan wasa, da masu buɗe su kai tsaye a intanet mutane suna sayen kaso, layin ya yi siriri ƙwarai. A 2018 Beljiyam ta ayyana akwatunan sa'a da ake saye a wasu wasannin kwamfuta a matsayin caca. A watan Mayu na 2021 kantunan Target a Amurka sun dakatar da sayar da katunan wasanni da na Pokémon, halittun zane na Jafan, a cikin shagunansu na wani lokaci, bayan an yi faɗa a kansu a harabar wani reshe. Ba yara ne suka yi faɗan ba.

Kan sarki da sulalla da marafan kwalba suna cikin wannan magana?

Suna ciki, kuma kan sarki ya girmi katuna, domin tun bayan fitowar na farko a Birtaniya a 1840 yara suka fara tarawa. Kan sarkin da ake kira ja mai senti ɗaya na Giyana ta Birtaniya, na 1856, wanda guda ɗaya tak ya rage a duniya, ɗan makaranta mai shekara 12 ne ya tsince shi a cikin takardun dangi a 1873, ya sayar da shi sule shida domin ya sayi waɗanda suka fi shi kyau. A 2014 an saye shi a kan kusan dala miliyan 9.5. Yaron bai yi wauta ba bisa ma'aunin yara, domin abin baƙi-baƙi ne mai yankakkun kusurwoyi, shi kuwa launi yake nema.

Idan na sayi katin da na rasa ina yaro, zan ji daɗin da nake tsammani?

Za a ji daɗi, amma gajere ne, kuma gara a sani tun kafin a biya. Katin da ya gagari yaro tsawon shekara guda yau ana samun sa cikin minti biyar a kasuwannin intanet, sau da yawa a kan kuɗi kaɗan. Ya iso, a buɗe ambulan, a juya shi gaba da baya, a ga ashe ya fi yadda ake tunawa ƙanƙanta, sannan a rasa wanda za a nuna wa. Abin da ya ba shi girma a da shi ne rashin sa, da jiran ranar da za a sake samun kuɗin fakiti, da sanin cewa akwai yara ashirin da za su kewaye wanda ya dace da shi. Kuɗin babba yana kawar da rashin, kuma da rashin ya kau, rabin daɗin ya bi shi.

Waɗanda suka dawo harkar suka daɗe a cikinta galibi su ne waɗanda suka sa wa kansu iyaka da gangan: ƙungiya ɗaya, ko gasa ɗaya, ko sharaɗin cewa ta musaya kawai za su cike gurbi. Da haka suke dawo wa kansu da ɗan abin da wadata ta ƙwace. Sauran kuma su ne waɗanda suka samu abokan yi, ko a taron masu tarawa ko a gida tare da 'ya'yansu.

Yaya ake adana waɗanda suka rage?

A fara da cire robar ɗauri, domin tana cin gefe tana kuma narkewa a jikin takarda. A saka kowane kati a ledarsa da ba ta da sinadarin PVC, a ajiye a inda babu danshi, babu zafi, babu hasken rana, kuma ba a ƙasa ba saboda gara da ruwa. Kada a goge kati da komai, kada a yi masa guga, kada a ɓamɓare hoton da aka riga aka liƙa a albam. Rubutun da yaro ya yi a bangon albam, da sunansa da alamar da ya sa a gefen gurabe, yana rage farashi a wurin dillali, amma ban ga dalilin share shi ba.

Yaran yanzu da komai nasu a waya yake, za su yi irin wannan kewar nan gaba?

Za su yi, domin ba su bar tarawa ba. Katunan Pokémon, waɗanda suka fara fita a Jafan a 1996 suka isa Amurka a 1999, yanzu suna hannun 'ya'yan waɗanda suka fara tara su, kuma albam na Kofin Duniya na Katar a 2022 mai gurabe 670 ya tara manya da yara a wuraren musaya a ƙasashe da dama, har a Ajantina ƙarancinsa ya kai ga gwamnati ta kira kamfanin da masu sayarwa zaman sulhu. Akwai kuma katunan da babu takardarsu sam, irin na NBA Top Shot da Sorare, da 'yan wasan da ake tarawa a wasannin kwamfuta.

Inda nake da shakka shi ne ranar buɗe akwati. Kati na takarda yana iya kwana shekara talatin a ƙarƙashin tsofaffin littattafai babu wanda ya kula da shi, ya fito yadda aka bar shi. Na cikin waya yana rayuwa ne muddin kamfanin yana raye, na'urorinsa suna aiki, mai shi kuma bai manta kalmar sirrinsa ba, ga shi yawancin wasannin ƙwallo na kwamfuta kowace shekara sabon zubi ake yi, tarin bara ba ya bin mutum zuwa bana. Yaron da yake wasa da su yau zai tuna ɗan wasan da ya dace da shi da daren da abin ya faru, amma idan ɗansa ya ce ya nuna masa, sai dai ya nemo hoton allo, in ya ɗauka.